In makaɗi ya kwanta ciwo, wa ke ɗaukar gidansa?

Sani_ɗan_amshi:
Assalamu alaikum. 'Yan uwa, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan fitar da ita. Mako uku ke nan maigidanmu yana kwance. Da yawanku kun san shi, ba sai na kama suna ba. Shekara 34 yana rataye da kalangu, ni kuma shekarata 11 ina yi masa amshi. Daga wani biki muka dawo a Boɗinga, yana saukowa daga mota ya ce hannunsa na dama ya yi masa nauyi. Kafin asuba baki ya karkace. A asibitin koyarwa likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki.

Na sa hotonsa a nan, cikin kwana biyu kuka tara naira 86,000, Allah ya saka da alheri. Sai dai hoton kai da aka yi masa a asibiti da maganin makon farko sun cinye su. Yanzu gashin ƙashi ake yi sau uku a mako. Inna ta sayar da awakinta biyu. Jiya na shiga zaurensa na ga kalangun a jikin ƙusa, tsarkiya ta saki, ƙura ta hau maratayi, sai na kasa tsayawa. Mu bakwai ne ke ci a bayansa, kuma masu biki sunansa suke nema, ba namu ba.

Tambayata ita ce, har yaushe za mu ci gaba da ɗaukar hoton ɗan uwanmu a kan gadon asibiti muna yawo da shi waya-waya? Me zai hana mu kafa asusu, kowa ya riƙa zuba 1,000 a wata, makaɗa da mawaƙa da masu kamara da 'yan wasan kwaikwayo? Wanda ya taɓa ganin irin wannan ya ɗore, ko ya ga ya rushe, don Allah ya faɗa mana gaskiya.

Hadiza_Lalle:
Innalillahi. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Shi ya yi kiɗan bikin yayata.

Ɗan_Kamara_Mabera:
Amin. Malam Sani, shawara ce mai kyau, amma an taɓa yi. A 2018 mu wajen 40 muka fara, masu hoto da masu bidiyo. Wata bakwai ana zubi lafiya lau. Da matar ɗayanmu ta zo haihuwa aka ce sai an yi mata aiki, muka je wajen ma'aji, sai ya sunkuyar da kai. Ashe ya sayi lasifika da kuɗin, yana cewa in ya yi haya sau biyar zai mayar. Ba ɓarawo ba ne, wallahi har gobe muna gaisawa, talauci ne ya sa ya ga kuɗi a ajiye ya kasa kau da kai. Tun daga ranar in ka ce asusu a cikinmu kowa sai ya tashi ya kakkaɓe rigarsa.

Baba_Taushi:
Allah shi ba ɗan uwana lahiya. Yara, ku bari in hwaɗa muku abin da munka taras. Da can makaɗin hwada bai kwana da tunanin abin da za a ci gidanai. Narambaɗa na da Sarkin Gobir na Isa. Salihu Jankiɗi shi as Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar. Ubangida shi ka ba ka doki, shi ba ka riga, in kaka ta yi a aiko ma da dammunan gero, in ka kwanta a aiko a dube ka. Kuma kowane makaɗi na da gonatai, ranar noma a aje ganga a ɗauki kalme. Yanzu mi munka riƙe? Ubangijin yanzu ɗan siyasa na, shekara huɗu ko takwas ya wuce, lambar wayatai ma ta canza. Gonakin kuma an sai da su an yi gidaje.

Nazari_Dundaye:
Baba, Allah ya ƙara girma, ba musu nake yi da kai ba, sai dai ina so in ƙara wani abu, don a kan makaɗan baka nake rubuta kundina a jami'ar Ɗanfodiyo. Makaɗan fada 'yan kaɗan ne a cikin makaɗa. Mafi yawa makaɗan sana'a ne da na jama'a: na noma, na dambe, na maƙera, na mahauta. Shi kalangu ma asalinsa kiɗan mahauta ne, ranar kasuwa mai kalangu yana rumfarsu, kuma ba ya komawa gida hannu sake. Wato sana'a guda ce ke riƙe da makaɗinta, ba mutum ɗaya ba. Sannan kwanciyar hankalin fada tana da farashi, makaɗin sarki ba ya zuwa ya yi wa wani waƙa yadda ya ga dama. In za mu ɗauko darasi daga baya, ni a ganina na mahautan ne ya fi kusa da abin da Malam Sani ke nema.

Baba_Taushi:
Gaskiyarki ɗiyata. Karatu ya yi rana.

Uwar_Adashi_Arkilla:
Ku yi haƙuri in sa baki, shekarata 15 ina riƙe adashin mata, cikinsu akwai zabiyoyi da masu kitso da masu kwalliyar amare. Abin da ya sa adashi ke tsayawa shi ne kuɗi ba sa kwana. Yau an zuba, yau mai ɗauka ta ɗauka. Kowa ta san ranar kwasarta, kowa tana sa ido. Shi kuwa asusun da kuke magana kuɗi ne za su zauna, kuma mai lafiya zai yi shekara uku yana zubi bai ga ko sisi ba. Nan ne zuciya ke fara raɗa masa cewa ana cinsa. Abin da na yi a nawa, duk kwasa ana cire 500 a ajiye gefe, mun sa mata suna kuɗin ko-ta-kwana. Mai ɗaukar dubu 60 ba ta jin zafin 500. Da su muka yi wa wata jinyar ƙuna bara, man gyaɗa ne ya zube mata a ƙafa.

Akanta_Gawon_Nama:
Ni ba mai fasaha ba ne, ƙanena ne ke da situdiyo shi ya sa ni a zauren nan. Mu yi lissafi kafin mu yi zumuɗi. Mutum 60, kowa 1,000, ya zama 60,000 a wata, 720,000 a shekara, in kowa ya biya, wanda ba zai taɓa faruwa ba. Ciwo ɗaya irin na Baba zai iya lashe wannan kaf. To na biyu da ya kwanta fa?

Shi ya sa nake ganin kada asusun ya ce shi zai biya asibiti. Aikinsa ya zama biyu: ya biya wa mambobi kuɗin shiga tsarin taimakekeniyar lafiya, sannan ya ba gidan wanda ya kwanta abin cefane na wata biyu ko uku. Jiharmu tana da hukumar wannan aikin, SOCHEMA, kuma dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta shafi har masu sana'ar hannu, ba ma'aikatan gwamnati kaɗai ba. A tura mutum biyu ofishinsu su jiyo nawa ne a kan mutum a shekara, da cututtukan da tsarin ya ɗauka da waɗanda bai ɗauka ba, su kawo mana a rubuce. Akwai kuma ƙaramin fansho na masu zaman kansu da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ƙaddamar a 2019. Yadda aka fara shi, kashi 40 na abin da ka zuba kana iya cira in buƙata ta taso, kashi 60 sai tsufa.

Game da abin da Ɗan_Kamara ya faɗa, maganinsa sananne ne. A yi rajistar ƙungiyar gama kai, mutum goma ma sun isa a fara. Asusun banki da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, ba a cire ko naira sai biyu sun sa. Duk saƙon banki da ya shigo a ɗora shi a zauren nan kowa ya gani.

Abu_Sumayya:
Banki kuma? Ku kula da kuɗin ruwa. Mutum na neman maganin ciwo kada ya jawo wa kansa wani.

Akanta_Gawon_Nama:
Malam, akwai bankunan da ba sa harkar ruwa, irin su Jaiz da TAJ. Kuma ajiya muke magana, ba rance ba.

Rap_ɗin_Rima:
Ni rancen ma na taɓa bi. Wancan shirin na Babban Banki na 2019 na masu waƙa da fim da ɗinki, ruwansa kashi 9 ne. Da na ga jerin takardun da ake nema sai na gane an yi shi ne don mai kamfani mai rajista, ba mai ɗaki ɗaya da kwamfuta da makirfo ba. Amma ni duk wannan ba shi ne ciwona ba. Ciwona shi ne aikinmu ba ya dawo mana da komai. Ka biya situdiyo, ka biya mai kiɗa, ka saki waƙa da safe, kafin la'asar tana wajen masu turawa a kasuwa, suna karɓar kuɗinsu kai ko kati ba ka samu ba. YouTube kuma sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara kafin su fara raba maka kuɗin talla. An sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a Maris 2023, amma wa ke da kuɗin lauya a cikinmu? In ƙungiya za ta yi, ta fara da wannan.

DJ_Runjin_Sambo:
Masu turawar nan su suka sa aka san ku. Ba don su ba wa zai ji waƙarka a Tangaza ko Gwadabawa?

Gurmi_Kware:
Kai DJ, kai ma cikin masu laifin kake. Da ana gayyatar mutum bakwai biki, kowa ya koma gida da abin miya. Yanzu kai kaɗai da akwatinka, kana sa waƙoƙin mutane, liƙi ya zube gabanka.

DJ_Runjin_Sambo:
Yaya Gurmi, wallahi ba haka abin yake ba. Kayan nan haya nake ɗaukowa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, abin da janareta ke sha a dare ɗaya ya ninka fiye da sau uku, masu biki kuwa ba su ƙara ko kwabo ba. Akwai ranar da na gama biyan mai kaya da mai Keke Napep da yaron da ke taya ni ɗauka, 1,500 ta rage mini, tun azahar har sha ɗayan dare a tsaye. Ni ma in na faɗi yau hotona za ku ɗora.

Gurmi_Kware:
To Allah ya ba da haƙuri. Zafin rashi ne ya sa na yi maganar.

Ɗan_Kamara_Mabera:
Wannan ita ce ainihin cutar, mu da kanmu muke karya juna. Ka ce wa mai biki dubu 50, ya juya wani yaro ya ce zai yi masa a 15 da wayarsa. Ga bashi. Lokacin zaɓen 2023 na bi wani ɗan takara ƙananan hukumomi biyar, kwana 19 ina ɗauka, dare ina tacewa. Kafin alƙalami kawai aka ba ni, aka ce saura sai an ci. Har yau in na je gidan, masu gadi ke cewa ba ya nan, alhali ga motarsa ina gani. Ba takarda, ba shaida, wa zan kai ƙara? A lokacin kuma ga ƙarancin takardun naira, liƙi ya mutu murus, wanda ya so yi maka alheri sai ya tura ta asusun maigabatarwa, kai kuma ka yi ta bin sa. Yanzu ni dokata ɗaya, rabi a hannu kafin in buɗe jaka, sannan a rubuta sauran ko a saƙon waya ne. Da duka za mu tsaya a kan haka, da rabin masu neman taimako a zauren nan ba su nema ba.

Baduku_Madunka:
Ina ta karatu ina jiran in ji an ambace mu, shiru. Mu dukawa ba mu cikin masu fasaha ne? Fatar da kuka ɗaura wa kalangu da kotso daga ina ta hito? Jar akuyar Sakkwato duniya ta san ta, ita ce Turawa sunka daɗe suna kira fatar Maroko don ta can take bi ta isa gare su. Amma yau fata mai kyau babbar mota ka kwashe ta, mu sai ragowa. Kasuwarmu ta dogara ga baƙi da kayan doki na hawan salla, baƙi kuma sun ɗauke ƙahwa. Gobarar babbar kasuwa ta Janairun 2021 ta ci kayana da na aje shagon wani abokina, hilalla 30 da jakunkuna, aikin wata huɗu. Ba wanda ya san ma na yi asara don ba ni da shago da sunana. Idona kuma ya hwara rauni, zaren da nika sakawa cikin duhu yanzu sai na hito rana.

Sani_ɗan_amshi:
Kawu, ka gafarce ni, mantuwa ce ba raini ba. Kuna ciki, ku ne ma gaba.

Zabiya_Minanata:
Ni ma ina da ƙorafi, kuma ina so maza su ji shi da kyau. Duk taron da aka taɓa kira na masu waƙa, bayan isha'i ake sa shi, a wani shago ko majalisa. Wace matar aure ce za ta je? Daga baya a ce mata ba sa ba da haɗin kai. Sannan in kun rubuta dokar asusu, ku rubuta haihuwa a ciki. Ni cikina na ƙarshe tun wata bakwai na daina fita, sai da na yi arba'in biyu kafin na koma, kusan wata biyar ba shigar ko naira. Amshina mata huɗu ne, biyu zawarawa masu 'ya'ya, su ma suka zauna. Haihuwa ba ciwo ba ce, amma tukunya ba ta san bambancin ba.

Hadiza_Lalle:
Anti kin gama magana. Ga kuma azumi da damina. Sha'aban ba ka da lokacin cin abinci saboda amare, Ramadan ya shigo kamar an ɗauke ruwa, sai daren salla. Ta yaya mai irin wannan samu zai yi alkawarin dubu ɗaya kowane wata?

Abu_Sumayya:
Ni dai shawarata kowa ya nemi sana'a ta biyu. Kiɗa da waƙa ba abin da mutum zai jingina rayuwar iyalinsa a kai ba ne.

Ɗan_Gobir_Isa:
Malam, sana'a ta biyu muna da ita, noma ce, ita aka fara raba mu da ita. Ni daga gabas na taso. Gonata tana nan, shekara huɗu ban taka ta ba. Da ina kiɗan noma da damina, in yi na biki da kaka, in bi kasuwanni da rani. A 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, ko mai son ya kira ka biki ba ta yadda zai same ka. Bikin ma yanzu da hantsi ake ɗaura aure a watse, wa zai buga ganga ya sanar da daji cewa ga taro? Yanzu ina Sakkwato ina tura ruwa a kura, gangata tana ƙarƙashin gado a ɗakin da muke haya mu shida. Ba raina shawararka na yi ba, amma ka san wanda kake ba ta.

Gurmi_Kware:
Haka muka sha lokacin da aka rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Mu da ke tsallakawa Ƙonni mu yi wasa a biya mu da sefa, wata bakwai muna zaune.

Aminu_a_Faransa:
Allah ya ba Baba lafiya. Karatu ya kawo ni nan, kuma abin da na gani ya ba ni mamaki. Mawaƙi ko ɗan wasan dandamali ko mai haɗa fitilu, in ya tara awa 507 na aiki a cikin wata 12, yana da haƙƙin a riƙa biyansa wani abu a ranakun da ba shi da aiki. Sun yarda cewa aikin fasaha dama can yankewa yake yi. Amma ginshiƙin abin shi ne duk wasan da ka yi akwai takardar biya, kuma wanda ya ɗauke ka aiki yana zuba nasa kason. Mu da liƙi ne albashinmu, sai mun nemo tamu hanyar.

Rap_ɗin_Rima:
Mu ma ai an kafa mana ma'aikatar fasaha da al'adu ta tarayya a 2023. Amma daga Abuja zuwa zauren Baba tafiya ce mai nisa.

Baba_Taushi:
Ku saurara, maganar Hadiza da ta yaron ga na Turai ta tuna min wani abu. Lokacin da nika bin mahaihina, in an dawo wasa an zauna rabo bisa tabarma, in mu takwas na, kashi tara aka yi. Na taran shi munka kira kason ganga. Da shi aka sayen hwata in ta hwashe, da shi aka kai ma wanda bai samu hitowa ba don ciwo. Ba a jiran ƙarshen wata. Ranar da anka samu da yawa kason shi yi kauri, ranar da ba a samu ba, ba wanda aka bi bashi. Ni ban ga abin da zai hana ku yi haka ba.

Uwar_Adashi_Arkilla:
Baba, wannan ita ce 500 ɗina da wani suna. A cire tun kuɗin suna kan tabarma, kafin su shiga aljihu.

Akanta_Gawon_Nama:
Na yarda ya fi dacewa da samunku. Matsalarsa ɗaya, wa zai tabbatar da abin da aka samu a wasan? Kuma mai kamara ko baduku da ke aiki shi kaɗai, da wa zai yi rabon? Dole dai a sa mafi ƙarancin abin da kowa zai kawo a shekara, ya biya shi a lokacin da kasuwarsa ta buɗe.

Ɗan_Kamara_Mabera:
Ni har yanzu tambayata tana nan: hannun wa? In an samu amsar wannan, ni ne na farkon zubi. In ba a samu ba, ku bar ni in riƙa ba da abin da Allah ya hore mini kai tsaye ga mai ciwo.

Zabiya_Minanata:
Cikin masu sa hannu ukun nan a sa mace ɗaya. Ga Hajiya Uwar_Adashi, shekara 15 ba a taɓa jin kanta da kowa ba.

Uwar_Adashi_Arkilla:
A'a, ku bari a zauna tukuna. Ba a ɗora wa mutum amana a waya.

Gurmi_Kware:
Malam Sani, kafin a gama wannan, akwai bikin da aka kama ni ranar Asabar a Wamakko. Ku zo ku bakwai mu yi tare, ƙanena zai riƙe kalangu. In an zauna rabo a cire kason Baba cikakke kamar yana nan, a kai wa Inna.

Sani_ɗan_amshi:
Yaya Gurmi, na karanta wa yaranmu saƙonka, wallahi ɗaya sai da ya yi hawaye. Za mu zo. Yau na je na tarar da Baba ya iya riƙe kofi da hannun hagu, magana dai har yanzu ba ta fita sosai. Na ce masa ana ta shawara a kansa, ya ɗaga hannu. Maganar zama kuma, me kuka gani game da Juma'a bayan la'asar? Wanda ke da fili ko zaure mai faɗi ya yi magana. Akanta, don Allah ka zo da lissafin nan a takarda.

Baduku_Madunka:
Ka kawo min kalangun gobe in ɗaure tsarkiyar, kada hwatar ta lalace da zama. Akwai kuma keken marasa lahiya na marigayiya mahaihiyata, taya ɗaya ka son gyara.

Zabiya_Minanata:
Juma'a muna da kamu a Gidan Igwai, ni da Hadiza duka. In da hali a mayar da shi Lahadi da hantsi.